Neman wurin atisaye kafin gasar ɗaga ƙarfe

8 ga Janairu

A bana nake so in tsaya gaban alƙalai, kuma wurin da nake atisaye yanzu ba zai kai ni can ba. Ba laifinsu ba ne. An buɗe shi ne don masu rage teɓa da masu son damtse ya cika riga, kuma yana biya musu buƙata. Sai dai babu mai iya faɗa maka nauyin sandunan wurin. Fayafan masu kusurwa goma sha biyu ne, kana ajiye su ƙasa sai su mirgina, ko su bugi ƙaurinka ko su gudu gaba. An hana garin alli, wanda ake shafawa a hannu don kada sanda ta zame. Ƙarfe na taɓa ƙasa da ɗan ƙarfi ma'aikaci zai iso kanka.

Wasanni biyu nake hari, mutane kuma suna yawan ɗaukar su abu ɗaya. Fawaliftin ɗagawa uku ne: sukwat, wato tsuguno da sanda a bayan kafaɗa, benci, ka kwanta ka sauke sanda a ƙirji ka tura ta sama, sai dedlif, ka sungumi ƙarfe daga ƙasa ka miƙe da shi. Ɗaga nauyi na Olamfik kuwa biyu ne: sinach, fizga ɗaya daga ƙasa har sama da kai, da kilin-da-jak, ka kawo sanda kafaɗa sannan ka cilla ta sama. A duka wasannin dama uku ake ba ka a kowace ɗagawa, a ɗauki mafi nauyin da alƙalai suka karɓa a kowace, a haɗa su su zama jimla. Wanda ya zubar da ukun a ɗagawa ɗaya ya tashi babu jimla, ko da ya fi kowa ƙarfi a zauren.

Fawaliftin na daɗe ina yin sa ni kaɗai. Na Olamfik kuwa sha'awa ce da ta ƙi barina. Duk inda na shiga daga yau, tambaya ɗaya zan riƙa yi wa kaina: idan nan na zauna, me zan tarar ranar gasa wanda jikina bai saba da shi ba?

17 ga Janairu

Na fara da babban gidan motsa jiki da ake ta yabo, na tafi da tef ɗin awo a aljihu. Ma'aikaciyar da ta zaga da ni ta nuna mini injunan gudu, ɗakin gumi, da madubai daga bango zuwa bango. Na ce ta kai ni wurin sanduna.

Sanda ce ke faɗa maka gaskiyar wuri. Ta gasa kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2. A jikinta akwai zobba biyu marasa kaushi da ake auna riƙo da su. A ta fawaliftin tazararsu santimita 81 ce, wadda ita ce iyakar faɗin riƙo a benci. A ta Olamfik santimita 91. Na auna tasu: zobban ba su faɗa kan ko ɗaya ba. Kaushin ya siɗe, hannu mai gumi ba zai riƙe ta ba. Na ɗora ɗaya a ƙasa na mirgina ta da ƙafa, tana tafiya tana ɗingishi, alamar ta lanƙwashe. Bencin kuma laushi gare shi, fatarsa na santsi, ga shi siriri. Ƙa'idar IPF, hukumar fawaliftin ta duniya da aka kafa a 1972, ta ce faɗin benci ya kasance tsakanin santimita 29 da 32, tsayinsa daga ƙasa 42 zuwa 45. Wannan ba ƙa'idar ado ba ce. A kan faɗin nan kafaɗa ke samun wurin kafewa, tsayin kuma shi ke sa tafin ƙafa ya zauna daram a ƙasa.

Maɗorin sukwat ɗaya ne tak mai ƙarafan kariya a gefe, wani kuma ya mamaye shi yana atisayen damtse. Suna son a sa hannu a yarjejeniyar shekara guda. Na yi godiya na fito.

23 ga Janairu

Wani da ya daɗe a harkar ya ja hankalina kan abin da ba ya cikin tef ɗin awo: nisa, da lokacin buɗewa. Atisayen shirin gasa yakan ci awa biyu, domin tsakanin ɗagawa mai nauyi da ta gaba sai an huta minti uku zuwa biyar. Ka ƙara tafiya da dawowa, kwana huɗu a mako, wata da watanni. Wurin da ya fi kowane kyau, idan zuwansa sai an yi shiri kamar na bulaguro, a wata na biyu za a fara tsallake ranaku. Na zana wa kaina iyaka a taswira. Abin da ya wuce ta ba zan ma je dubawa ba, kada in gani raina ya biya.

2 ga Fabrairu

Yau na ga abin da nake nema, ko aƙalla rabinsa.

Ƙungiyar 'yan fawaliftin ce a cikin wani tsohon sito. Babu madubi ko ɗaya, kuma da gangan ne, domin a dandamalin gasa babu madubi, alƙali ne a gabanka. Ƙasa siminti da roba. Akushin garin alli a tsakiya, kowa na tsoma hannu. A jikin bango an jera siraran fayafan ƙarfe masu launi: ja kilo 25, shuɗi 20, rawaya 15. Waɗannan gwadaddu ne, abin da aka rubuta a jikinsu shi ne nauyinsu. Faifan gama-gari yakan ɗara ko ya gaza abin da aka rubuta, kuma idan ka jera huɗu ko biyar a kowane gefe, lambar da kake rubutawa a littafinka ta zama hasashe. Sirantarsu ma tana sauya yadda ƙarfe ke tashi: nauyin yana matse kusa da hannunka, sanda ba ta lanƙwasa sosai, dedlif ya fi taurin cira daga ƙasa.

Amma ba kayan ne suka tsayar da ni ba. Wani saurayi ne, ƙaƙƙarfa, ya shiga ƙarƙashin sanda mai jan faifai huɗu a kowane gefe. Ya ja baya taku uku, ya tsaya. Mutum biyu suka tsaya a bakin sandar hagu da dama, hannuwansu a buɗe ƙarƙashin fayafan ba tare da sun taɓa ba, na uku a bayansa. Wani dattijo mai furfura a gemu ya durƙusa a gefe, idonsa daidai da gwiwar yaron. Wani da ke gabansa ya sauke hannu ya ce, “Sukwat!” Yaron ya sauka, ya taso da kyar, jijiyoyin wuyansa duk sun fito. Aka ce ya mayar, aka kama masa. Ni da nake kallo na ɗauka an gama. Dattijon ya miƙe ya kaɗa kai.

“Bai kai ba, ɗana. Saura yatsa biyu.”

Yaron bai yi musu ba. Ya cire faifai ɗaya a kowane gefe da hannunsa, ya sake.

Ƙa'idar ita ce saman cinya, daidai inda ta haɗu da ƙugu, ya sauka ƙasa da saman gwiwa. Mai ɗagawa ba ya iya ganin wannan a jikinsa. Ɗaukar bidiyo da waya ma yana ruɗi: ka ɗora ta sama kaɗan ko ka karkata ta, tsugunon da bai kai ba sai ya yi kamar ya kai. Alƙalai uku ne a gasa, ɗaya a gaba, biyu a gefe, kowa da farar fitila da ja, kuma sai ka sami fari biyu. Mutumin da ya shekara yana jin “ya yi, ya yi” daga abokai, ranar gasa ne zai fara ganin ja, a lokacin da babu sauran gyara.

Na gaishe da dattijon, na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce in zo ranar benci in gani. Bai tambaye ni nawa nake ɗagawa ba. Ya tambaye ni ko na taɓa ɗagawa da umarni.

6 ga Fabrairu

Ranar benci. A nan babu mai dungure sanda a ƙirji ta yi tsalle. Umarni uku ne: na farawa, na turawa bayan sanda ta tsaya cik a ƙirji, da na mayarwa. Kai, kafaɗu da mazaunai ba sa barin benci, tafin ƙafa ba ya barin ƙasa. Tun farkon 2023 IPF ta ƙara da cewa gwiwar hannu sai ta sauka daidai da kafaɗa ko ƙasa da ita, saboda masu gantsarewa har sanda ta yi tafiyar da ba ta kai taƙi ba. Dattijon yana duba wannan ma.

Na kwanta na gwada. Tsayawar nan ta daƙiƙa guda ta cinye mini kusan kilo goma daga abin da na saba turawa. Wannan ita ce lambata ta gaskiya, ita na rubuta.

11 ga Fabrairu

Sai da na zauna na yi tunanin hukuma, domin fawaliftin ba hukuma ɗaya gare shi ba, kuma kayan wuri suna bin hukumar da mutanensa ke shiga. Wasu hukumomin suna amfani da sandar dedlif ta musamman, siririya mai kaurin milimita 27, doguwa, tana lanƙwasa kafin fayafai su bar ƙasa. Wasu suna da maɗori mai ƙugiya da ake janyewa, mai sukwat ba ya ja da baya ko taku ɗaya. Wasu ana awon nauyin jiki kwana guda kafin gasa. A IPF sanda ɗaya ce mai tauri a ɗagawa ukun, da ƙafarka za ka fito da ƙarfe, awo kuma awa biyu kafin a fara. Wanda ya yi wata shida da sanda mai lanƙwasa ya je ya tarar da mai tauri, zai ji kamar an manne fayafan da ƙasa.

Sai maganar gwajin ƙwayoyi, wadda ita ce ta fi damuna. A makon nan na leƙa wani wurin, kayansa ba laifi, amma ban yi rabin awa ba wani ya ja ni gefe yana yi mini tallan abin da zai “taimaka” mini. A fili ake hirar allura a ɗakin sauya kaya. Ba zan koma ba. Ƙa'idar WADA, hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, a bayyane take: duk abin da aka samu a jikinka kai ke da alhakinsa, ko ka sani ko ba ka sani ba. Wurin da ake miƙa wa juna garin ƙarin kuzari marar suna a cikin gora, ko ba ka nemi komai ba kana cikin haɗari. Ban da wannan ma, shawarar wanda ke shan ƙwaya ba ta yi wa wanda ba ya sha amfani, domin jikinsu ba ya murmurewa da sauri ɗaya. Tsarin da shi zai ɗauka lafiya lau, kai zai karya ka.

'Yan sito a ɓangaren da ake gwaji suke shiga. Na tambaya kai tsaye, aka amsa mini kai tsaye.

20 ga Fabrairu

Zauren 'yan Olamfik. Tun daga ƙofa ƙarar ta bambanta: ba gurnani, sai tas ɗin takalmi a kan katako, sannan dim ɗin fayafan roba. A nan yar da ƙarfe daga sama ba laifi ba ne, shi ne hanyar sauke shi. Dandamali a jere, katako a tsakiya, roba a gefe. Na gasa mita huɗu ne kowane ɓangare, na atisaye sun fi ƙanƙanta, amma akwai fili a gaba da baya, babu benci ko faifai a yashe inda mutum zai ja baya ya yi tuntuɓe.

Na murza bakin wata sanda da yatsa ɗaya, ya yi ta juyawa shiru. Boris ne a ciki. Lokacin da mutum ya fizgi ƙarfe ya juya gwiwar hannu ya shige ƙarƙashinsa, dole sanda ta juya a hannunsa ba tare da ta ja fayafan ba, in ba haka ba wuyan hannu ne zai biya. Kaurinta milimita 28, tana da ɗan danƙo, ba kamar ta fawaliftin mai 29 da ke tsaye ƙiƙam ba. Akwai kuma ta mata, kilo 15, kauri milimita 25. Wannan na lura da shi musamman, domin mata suna wannan wasa a Olamfik tun 2000, kuma zauren da bai sayi sandarsu ba ya faɗa maka wa yake jira. A bango an manna hoton Naim Suleymanoglu na Turkiyya, wanda ya ɗaga kilo 190 a kilin-da-jak a Olamfik na 1988 a Koriya ta Kudu, yana ajin kilo 60.

Kociyar mace ce, tsohuwar 'yar wasa, ba ta da yawan magana. Tana zaune a kujera a gefe, ido a kan dandamali, babu waya a hannunta. Yarinya ta yi sinach, sanda ta faɗi gaba. Koci ta ce, “Kin yi gaggawa. Bari ta wuce gwiwa.” Shi ke nan. Ta sake, ta zauna daram.

Ni sandar katako ta miƙo mini. Ta ce in riƙe ta sama da kai da faɗin hannu, in tsuguna har ƙasa. Diddigena ya tashi, sandar ta zo gaba. Ta taɓa idon sawuna da kafaɗata, ta ce nan da nan ne aikin. Sannan ta koya mini abin da ban zata za a fara da shi ba: yadda ake gudun ƙarfe. Idan ya rinjayi gaba, ka tura shi ka ja baya. Idan ya rinjayi baya, ka sake shi ka yi tsalle gaba. A wannan wasa babu mai tare maka, ba a ma yarda kowa ya matso ba. Ta nuna mini riƙon ƙugiya, babban yatsa a ƙarƙashin sauran. Yana da zafi, ta ce zai daina.

Na ce, “Koci, ina so in haɗa biyun.”

Ta ce, “Za ka iya yin biyun. Gasa dai ɗaya za ka shirya wa a lokaci guda.”

1 ga Maris

Maganarta na yi ta juyawa. Gaskiya ta faɗa, taura biyu ba ta taunuwa. Sukwat ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. Ɗan fawaliftin yakan sauke sanda ƙasa a bayansa, ya tura ƙugu baya, ya tsaya da zarar ya wuce layi. Ɗan Olamfik sanda a saman kafaɗa, ƙirji a miƙe, har ƙasa, da takalmi mai tudun diddige. Benci mai nauyi yana ɗaure ƙirji da gaban kafaɗa, sinach kuma sakakkiyar kafaɗa yake so. Tun da aka cire turin sama, wato tura sanda daga kafaɗa zuwa sama da ƙarfin hannu, daga Olamfik bayan gasar 1972, wasan ya koma na sauri da ƙwarewa, har tura sanda da hannu bayan ta tsaya ya zama laifin da ke jawo jar fitila. Ƙarfin da na tara zai yi mini amfani, amma ba zai saya mini motsin ba. Wannan shekaru yake ci, a gaban idon wanda ya sani.

Don haka fawaliftin ne gasar bana. Zauren Olamfik rana ɗaya a mako, da sanda marar nauyi, in koci ta yarda. Ta yarda, da sharaɗin kada in zo washegarin dedlif.

15 ga Maris

Na karɓi wata guda na gwaji a sito, ban biya na shekara ba tukuna. Ga abin da ziyara ba ta nuna mini ba.

Da yamma wurin yana cika, maɗori bai isa ba, sai a haɗu uku ko huɗu a kan ɗaya, ana ɗaga shi ana sauke shi gwargwadon tsayin kowa. Da farko na ɗauka ɓata lokaci ne. Yanzu na ga haka ɗakin ɗumama jiki yake ranar gasa, ba kai ke zaɓar lokacin da za ka shiga ba. Kuma kowa yana loda wa kowa, yana tare wa kowa. Sabon zuwa ma sai an koya masa tarewa kafin a bar shi ya ɗaga mai nauyi.

Abin da bai yi mini ba: iska ba ta shiga sosai, ƙofar ba ta buɗuwa sai mai makulli ya iso, kuma tsarin atisaye ɗaya aka rubuta a allo don kowa. Na yi wa dattijon magana cewa bayana ba ya ɗaukar dedlif mai nauyi sau biyu a mako. Na shirya jin “haka muke yi a nan”. Sai ya karɓi littafina ya duba makonnin baya, ya soke rana ɗaya, ya ce mu gani bayan mako uku. Wannan ya fi mini gwadaddun fayafai. Na kuma lura cewa waɗanda suka ji ciwo ba su ɓace ba, suna zuwa suna yin abin da za su iya, babu mai yi musu gori.

Na tambayi wa ke raka mutum gasa. Ashe aiki ne babba. Ana kiran sunanka kana da minti ɗaya ka fara. Kana gamawa kana da minti ɗaya ka miƙa nauyi na gaba, kuma a lokacin kanka ba ya lissafi. Dole a sami mai ƙirga mutum nawa suka rage kafin kai, ya san lokacin da za ka fara ɗumama jiki, ya kalli yadda ƙarfen ya tashi ya ce a ƙara kilo 2.5 ko 7.5. A Olamfik lissafin ya ma fi rikitarwa, domin nauyin sanda ne ke hawa, da kilo ɗaya-ɗaya, abokan hamayya suna sauya lambobinsu, layinka yana matsowa ko ya ja baya. A sito, duk mai shiga gasa ana haɗa shi da wanda ya taɓa shiga.

29 ga Maris

Yau aka yi gasar gwaji, domin ba a fafe gora ranar tafiya. An hau sikeli da safe, an sa rigar gasa, an auna bel ɗin kowa kada ya wuce faɗin santimita 10. Mutum uku suka zauna da farar takarda da ja. Sukwat ɗina na ƙarshe fari biyu, ja ɗaya, jan daga dattijon. Benci na uku na tura kafin umarni, ja uku. A dedlif an gargaɗe ni kan jingina sanda a cinya, kuma kada in sake ta kafin ta kai ƙasa.

Na biya kuɗin wata shida. Nauyina ya ɗan haura ajin kilo 83, ajin da ke sama kuma 93 ne. Dattijon ya ce kada in rage ko kilo ɗaya a gasar farko, in shiga inda sikeli ya ajiye ni. Ɗagawar buɗewa za ta zama nauyin da nake iya yi sau uku ko a ranar da ba na jin daɗi. Ranar Litinin zan cike takardar rajistar hukuma, in kai masa jerin magungunan da nake sha ya duba su da jerin haramtattu. Laraba kuma zauren Olamfik, koci ta ce in zo da takalmi mai tudu.